Mu'allim Muwaffak Sha'arani, Maƙerin Kejin Motocin Tsere na Mina

Haihuwa da asali

An haifi Muwaffak Sha'arani a shekarar 1943 a unguwar Mina, bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Tarabulus, arewa da Beirut. Sunan mahaifinsa Abdulhamid, mai gyaran injin jiragen ruwa, mahaifiyarsa kuwa Wadad, 'yar wani mai sayar da sabulu a tsohuwar kasuwa. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a cikin 'ya'yansu. Waɗanda suka san ƙuruciyarsa sun bayyana shi da cewa yaro ne mai yawan shiru da ɗari-ɗari, wanda ba ya karɓar labari daga bakin kowa sai ya je ya gani da idonsa.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun firamare a Mina har zuwa 1956, sannan ya koma wurin mahaifinsa ya koyi walda. A shekarar 1962 ya tafi Beirut, ya kama aiki a garejin wani Ba'armeniye mai suna Mu'allim Onnik (Mu'allim laƙabin gwanin sana'a ne a can), wanda ke shirya ƙananan motoci domin tseren hawan dutse. A nan ya fara ganin keji, wato bututun ƙarfe da ake lanƙwasawa a harhaɗa su cikin mota daga ƙasa har rufi, domin idan ta kife kada rufin ya danne direba. A nan kuma ya koyi bambancin da rayuwarsa duka ta rataya a kai, tsakanin bututu marar ɗinki, wanda ke lanƙwasa ba ya tsagewa, da bututun famfo na gida, mai ɗinki a tsawonsa, wanda ke buɗewa idan nauyi ya faɗo masa. Idan an shafa musu fenti, ido ba ya rabe su.

Aure da buɗe gareji

A shekarar 1968 ya dawo Tarabulus ya auri Nuhad Hallak, kuma a shekarar da ta biyo baya ya buɗe gareji tare da yayanta, Adib Hallak. Adib mutum ne mai faram-faram da raha, shi ke zuwa Beirut sayen bututu, shi ke lanƙwasawa ya shafa jan fentin hana tsatsa, Muwaffak kuma ya auna, ya yanka, ya liƙe. Cikin ɗan lokaci masu motocin Mini da Fiat da Reno na arewacin ƙasar suka san hanyar garejin. A wannan zamanin aka haifi babban ɗansa Gassan, wanda ake masa alkunya da shi ana ce masa Abu Gassan, sannan Rima.

Hatsarin 1974

A ƙarshen bazarar 1974 wani likitan haƙori mai suna Fu'ad Nakhla ya shiga tseren hawan dutse a hanyar Ihdin da wata jar Mini, wadda aka sa wa keji a garejin. Motar ta ƙwace masa a wata kwana, ta wuntsila cikin kwari, babban bakan kejin da ke bayan kansa ya tsage, rufin ya sauko, likitan ya rasu nan take. Da kwamitin shirya tseren ya yanka bakan, sai aka ga ɗinki a cikinsa. Bututun famfo ne.

Muwaffak ya koma gareji ya tarar da Adib zaune a kan taya, gahawarsa ta huce a gabansa.

"Adib, bakan nan kai ka lanƙwasa shi."

"Ni na lanƙwasa, kai ka liƙe. Idonka yana ina?"

"Da fenti ya zo hannuna."

"Kullum da fenti yake zuwa, Abu Gassan. Yau ka fara ganin fenti?"

"Wurin wa ka saye shi?"

"Wurin da na saba. In kana son ka ce ni ɓarawo ne, faɗi kawai, ka daina zagaye-zagaye."

Bai faɗa ba, amma bai janye ba. Zargi ya kasu a gari. Wasu suka ce Adib ne ya sayi mai arha, wasu suka ce Muwaffak ne da kansa ya zaro bututun daga cikin tarkace saboda gaggawa, wasu suka ɗora wa dillalin Beirut, har akwai masu cewa likitan ne ya kai motar wani wuri aka canja bakan domin ta rage nauyi. Kafin kwamitin ya kammala bincike yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, maganar ta bi ruwa. A shekarar 1976 Adib ya tafi Jidda ya shiga cinikin ƙarfe, kuma arzikin da ya samu can ya zama hujja a wurin Muwaffak.

Zargin bai tsaya a bakin ƙofar gida ba. An ruwaito cewa wata rana suna cin abinci ya tambayi matarsa ko yayanta ya taɓa gaya mata wani abu kafin ya tafi.

"Wani abu kamar me?"

"Ke kika sani. Jininku ɗaya."

"To, ni ma ka sa ni a layi ke nan? Ci abincinka, ko shi ma sai ka yanka ka duba cikinsa?"

Shekarun yaƙi

Daga 1975 zuwa 1990 bai taɓa motar tsere ba. Da ƙera ƙofofin ƙarfe da tankunan ruwa ya riƙe iyalinsa, kuma a cikin waɗannan shekaru aka haifi Lubna a 1977 da autansa Ziyad a 1981. Ya janye jiki daga jama'a, domin duk wanda ya gaishe shi da fara'a sai ya ɗauka ba'a yake masa, wanda kuma ya wuce bai gaishe shi ba sai ya ce maganar likita ce.

Komawa ga sana'a

Bayan yaƙi, ƙananan motocin da aka jibge a ƙarƙashin gidaje suka zama abin marmari. Masu hali suka riƙa farfaɗo da su, wasu don yawon Lahadi, wasu don fagen tsere, da yawa kuma don duka biyun. A shekarar 1993 Muwaffak ya koma aikin keji bisa sharuɗɗan da bai taɓa sassautawa ba. Ba ya karɓar bututu mai fenti, yana yanke kowanne daga kai da gindi ya leƙa cikinsa, kuma ba mai lanƙwasa masa sai hannunsa. Idan motar za ta hau titi, inda direba ba ya sa hular kwano, sai ya naɗe duk bututun da ke kusa da kai da soso mai kauri, domin a cewarsa kejin da ke ceton mai hula shi ke fasa kan marar hula.

Masu motocin ma bai yarda da su ba. Wani lauya ya taɓa roƙonsa ya ɗaura sandar gefen ƙofa da noti maimakon walda, saboda matarsa tana shan wahalar shiga.

"Mu'allim, motar nan fa kayan zaƙin nan, kunafa, kawai zan riƙa zuwa saye da ita."

"Kowa kunafa yake cewa. In na sa noti, kafin Juma'a ka kwance ta, ranar Lahadi in gan ka a kan dutse."

"Haba, Mu'allim, ni ne fa."

"Na san kai ne. Shi ya sa."

Duk da wannan hali, ko kuma saboda shi, sunansa ya dawo, har daga Beirut da Zahle ake kawo masa motoci.

Dawowar Adib

A shekarar 2001 Adib ya dawo Tarabulus da tsufa da ciwon sukari. Nuhad ta matsa har suka haɗu a gidan wata ta'aziyya, aka bar su a kusurwa su biyu.

"Abu Gassan, mun tsufa. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, daga ina ka ɗauko bututun nan?"

A duk shekarun nan Muwaffak bai taɓa kawo wa ransa cewa Adib ma zarginsa yake yi ba. Na ɗan lokaci abin ya girgiza shi, sannan ya yanke cewa wannan ma dabara ce.

"Tambayata ka riga ni yi, don kada in yi maka."

"Har yanzu kana nan yadda na bar ka."

Ba su sake zama wuri ɗaya ba.

Rabuwa da Ziyad

Cikin 'ya'yansa, Lubna da Ziyad ne suka bi sana'ar, kuma Ziyad ya fi kowa hannu. A shekarar 2004 ya sayi wata tsohuwar Mini, ya shafe damina yana gina mata keji da kansa domin ya shiga tserensa na farko. Ana gab da tseren Muwaffak ya ji daga bakin wani direban babbar mota cewa bututun kyauta ne daga kawun yaron, Adib. Da safe, kafin Ziyad ya iso, ya ɗauki zarto ya yanka babban bakan, ya yanka sandunan gefe, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Bai sami ɗinki a ko ɗaya ba.

Ziyad ya shigo ya tsaya a kan guntayen.

"Baba, me ka samu?"

"Ban sami komai ba."

"To, sai ka ce kawu bai cuce ni ba."

"Kawunka ya san zan duba. Ai dole ya aiko da mai kyau."

"Waldar fa? Tawa ce. Ita ma ka yanka."

"Rai ne a ciki, Ziyad. Ranka."

"Da ka tambaye ni, da na nuna maka guntayen da na yanke na duba, kamar yadda ka koya mini."

Ziyad bai shiga tseren ba. Kafin ƙarshen shekarar ya tafi Sidni a Ostareliya, inda ya buɗe garejinsa. Adib ya rasu a 2006, Muwaffak ya halarci sallar jana'iza a sahun baya, bai bi gawar maƙabarta ba. Nuhad ta rasu a 2009.

Shekarun ƙarshe

Daga 2010 idanunsa suka yi rauni saboda tsawon shekarun walda, garejin ya koma hannun Lubna. Bai daina zuwa ba. Yakan zauna bakin ƙofa, kuma ba motar da ke fita sai ya shiga ciki ya bi kowane haɗi da yatsa. Lubna ta sha roƙonsa ya kira ƙanenta.

"Baba, kalma ɗaya ce. Ka ce masa ka yi kuskure."

"Ban yi kuskure ba, dubawa na yi." Can ya ce, "A can wa ke sayar masa da bututu? Ki tambaye shi, amma kada ki ce ni na ce."

Rasuwa

Mu'allim Muwaffak Sha'arani ya rasu a watan Maris na 2016 a gidansa da ke Mina bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar unguwar kusa da matarsa, kuma masu tsofaffin motoci da dama sun raka gawarsa a jere. Allah ya jiƙansa.

Ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki tara. Gassan ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa, Rima malamar makaranta ce a Beirut, Lubna tana riƙe da garejin. Ziyad ya iso daga Sidni bayan an binne shi, ya zauna karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwansa, ya ziyarci kabarin, sannan ya koma ba tare da ya taka garejin ba.