Kibod Ɗin Surukina da Matar da Na Kora

Shekarun baya, wata Asabar da la'asar, mu huɗu muka zauna a cocinmu da ke Abakpa: ni, da surukina mijin babbar 'yata wanda ke kaɗa mana kibod, wato piyanon nan mai lantarki, da aminiyata mai buga tulu a Zumuntar Mata, sai dattijon ikilisiya da makulli ke hannunsa. Shi ba waƙa ce ta kawo shi ba, jira yake mu gama ya rufe ƙofa. Ni ban taɓa shiga aji ba. 'Yar tawa ce ke rubuta wannan, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, ko da maganar ta taɓa mijinta.

A lokacin ni ke ba da waƙa a zumunta, kuma ba a yi mini shaidar sauƙi ba. Mace ta kauce ko da ƙwayar gero ce, zan juyo in dube ta, ba sai na buɗe baki ba.

Da can muna da tsohuwar ogan, irin wadda ake takawa da ƙafa tana hura iska. Tun ina amarya nake jin ta. Gara ta ci katakonta, ɓeraye suka ƙarasa fatar cikinta, aka kai ta sito aka kawo kibod. Daga nan waƙarmu ta mutu murus. Abin yana ƙara kamar cokali a kan faranti, mu tsofaffi muna binsa da ƙyar, jama'ar da suka saba amsawa suka koma kallon fanka. Dattawa suka zauna suka yanke cewa a bikin godiyar kaka da ke tafe, in waƙar mata ba ta tashi ba, za a ba matasa wurinmu, mu koma amshi daga kujera. Wurin da muka riƙe tun kafin a haifi wasu daga cikin masu yanke maganar! Na ce ba da raina ba.

Na nemi mai laifi, kuma na samu. Akwai wata gwauruwa daga Rafin Guza, mai toya waina, da ke zama a ƙarshen benci. Muryarta tana rawa, kullum tana ɗan ƙasa da tamu. Lokacin ogan ban cika damuwa ba, amma da kibod ya zo sai ta fito fili kamar baƙin zare a farin zane. Na ja ta gefe na ce ta huta tukuna. Ta ce, "To, Mama," ta kwance ɗankwalin zumunta ta ninke, ta tafi. Mako uku babu ita, waƙar kuwa sai ƙara bushewa take. Shi ya sa na juya kan kibod ɗin.

Na ce, "Malam, wannan abin naka ɗanye ne."

Malamin makaranta ne, mai kunya, ba ya iya musu da ni. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ɗanye kamar yaya?"

"Kamar tuwon da aka kwashe bai sulala ba."

Ya danna wani wuri ya nuna mini ɗan gilashin da ke haske. "Ga ta nan, Mama, muryar ogan ce. Har an rubuta a kai."

"Ni ban iya karatu ba, kunne gare ni. Wanda ya rubuta bai taɓa jin tamu ba."

Aminiyata ta tuntsire da dariya. "Malam, yau ka shiga uku. Ka auri 'yarta, ka haɗa da kunnenta."

Muka fara. Na ce akwai ƙarfe a cikin sautin, yana soke ni a haƙori. Ya kama wani ɗan maballi yana murɗawa, kaifin yana raguwa. "Rage. Ƙara ragewa. A'a, ka zarce, yanzu kamar an kife shi da kwarya. Dawo kaɗan." Sau nawa muka yi wannan kai da komo, ban ƙirga ba, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sai na ce kuma abin ba ya sallama. Kana taɓawa ya faɗo maka, kana ɗaga yatsa ya ɓace kamar ɓarawo. Tsohuwar tamu sai ta ja numfashi kafin ta yi magana, in za ta tafi kuma sai ta yi ban kwana. Wannan ya gane da wuri. Ya taɓa wurare biyu, sautin ya riƙa shigowa a hankali yana fita a hankali.

Dattijo ya kaɗa makullai. "Ai ya yi haka, Mama. Ni ban ma ji bambanci ba."

"Baba, mai gyangyaɗi a wa'azi ba a kiransa shaidar waƙa. Zauna."

Ya zauna. Gaskiya dai abin ya yi laushi, amma babu ɗumi. Ruwan sanyi ne aka zuba a kofi mai kyau. Surukina ya ce ya ƙure iyawarsa, sai dai in faɗa masa ainihin abin da nake ji a tsohuwar. Na rufe ido na nemo ta a kaina, na riƙe murya ɗaya ina kwaikwayonta. Na ji bakina yana yin wata 'yar rawa da ban shirya ba. Na ce, "Ka ji? Kamar mutum biyu ne a ciki, miji da mata. Hanya ɗaya suke bi, amma ba sa ajiye ƙafa tare."

Ya dube ni. Sannan ya ce in ya tuna daidai, a irin waccan ogan, in ka danna wuri ɗaya, iska tana kaɗa harsunan ƙarfe biyu, tsufa kuma ya sa ba su ƙara zama daidai da juna ba. Kibod ma yana haɗa murya biyu, amma nasa daidai suke cif, har kunne ya ɗauka ɗaya ce. Ya ce, "Bari in karkatar da ɗaya."

"Wato ka ɓata ta?"

"Kaɗan, Mama."

Ni da na ƙare rayuwata ina miƙe muryoyin mata, na ce ya ɓata. Da farko ya yi yawa, aminiyata ta toshe kunne tana cewa kuliyoyi sun hau rufi. Ya dawo baya, ya ƙara dawowa, har ya rage ɗan ƙiris. Ya danna.

Tsigar jikina ta tashi. Ita ce. Sautin ya cika ɗakin yana numfashi, yana wannan 'yar rawar mai shiga ƙirji. Aminiyata ta jawo tulu ba tare da an ce mata ba, na ɗauki waƙa, sai ga muryar dattijo daga baya tana amshi, makullan sun shige aljihu.

Da muka tsaya na ce, "Miƙe muryar nan in ji." Ya miƙe ta. Sanyin ya dawo nan take. Na ce, "Mayar. Wadda ka karkatar ɗin, sama ka kai ta ko ƙasa?"

"Ƙasa, Mama. Kaɗan."

Aminiyata ta dubi ƙarshen benci, inda babu kowa. Ta ce, "Kamar ta Rafin Guza ke nan."

"Ban tambaye ki ba."

Wurinmu dai bai tafi ba. Ranar godiyar kaka jama'a sun manta da fanka, kuma har yau mata ke buɗe waƙa a cocin. Ni ma ban sauya hali ba, ina juyowa in dubi mai kaucewa, don akwai kaucewar kuliyoyi. Sai dai yanzu nakan ɗan saurara kafin in juyo, in ji ko ɓata waƙar take ko ita ce ke riƙe da ɗuminta. Shekara da shekaru matar nan tana yi mana abin da muka sha gumi muna roƙon na'ura ta yi, ni kuwa mai taƙama da kunne ban ji ba.

Washegarin waccan Asabar ɗin, ranar Lahadi tun kafin ƙararrawar farko, na hau keke napep zuwa Rafin Guza. Na same ta a ƙofar gida tana juya waina a tanda. Ta zabura za ta durƙusa, na ce ta zauna. Ban saba ba wa na ƙasa da ni haƙuri ba, amma sai da na ba ta. Sannan na ce ta shiga ta ɗauko ɗankwalinta.

Ta ce, "Mama, muryar fa ba ta gyaru ba."

Na karɓi cokalin daga hannunta na zauna a kujerarta. Na ce, "Na sani. Kada ki kuskura ki gyara ta. Yi maza ki shirya, zan kwashe miki waɗannan kafin su ƙone."