Kujerar Bakin Ƙofa

Kafin gari ya waye Baba Tirela ya riga ya iso gidan burodi, yana tamke ƙugunsa da tsumma. Ni ke bakin tanda, kullum a idona yake yi. Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake saɓa buhu biyu na fulawa a tashi ɗaya.

Gidan nan yana da tsari tun zamanin tsohon maigida. Samari ke ɗaukar wa tsofaffi kasonsu na buhuna. In bayan mutum ya gaza gaba ɗaya, sai a ba shi kujerar bakin ƙofa, ya zauna yana miƙa wa masu saye burodi, albashinsa na tafiya. Ba a rubuce yake ba, kowa dai ya sani. Baba ya yi wa tsofaffi uku dako har suka hau kujerar, har aka kai su makwanci. Ko tsaki bai taɓa yi ba. Cewa yake, "Nawa lokacin na zuwa."

Lokacin ya zo a shekarar da maigida ya rasu. Ɗan maigida ya tara mu, ya dafa kafaɗar Baba, ya kira shi uban gidan nan. Sati bai zagayo ba aka fitar da kujerar, aka kafa kanta mai gilashi da fanka, ɗan maigida ya zaunar da ƙanin matarsa a wurin.

Baba ya koma wajen buhuna. Ya dubi samari ya ce, "'Ya'yana, wa zai kama mini?"

Wani da muke kira Gajere ya ce, "Baba, mu wa zai kama mana? Kai ka ma ga kujerar da idonka. Mu gobe ana iya cewa mu kama gabanmu."

"Ni na ɗauke ta?"

"To mu muka ɗauke?"

Ban ga laifin Gajere ba. 'Ya'yansa biyu, shi ma bayansa ya fara ƙara.

Sai Baba ya koma farke buhu yana kwasar fulawa a bokiti. Ƙanin matar kan leƙo ya ce, "Tirela, taya ta yi faci ne?" Shi kaɗai ke dariya.

Da aiki ya fara jinkiri, ɗan maigida ya aiko direbansa ya ce Baba ya je ya huta, an gode. Baba ya juye fulawar da ke hannunsa, ya wanke bokitin, ya kife shi, ya fita ta ƙofar baya.