Ranar da Kaka Ta Riƙe Rufin Ɗakin Inna

Akwai wani fallen kwano a rufin shagon maƙwabcinmu, a nan Dutsin-Ma, da ƙusarsa ta fita. Iska na tasowa sai ya riƙa ɗagawa yana komawa, ƙaf, ƙaf. Yarana ko a jikinsu. Ni kuwa ko tuwo nake tuƙawa sai na saki muciya. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Shekarata tara na koyi tsoron wannan ƙara, kuma har yau ban warke ba.

A wani ƙauye na girma, gefen Kurfi. Ɗakunan gidanmu duk soro ne. In bazara ta yi nisa a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a share indararo, shi ke nan an shirya wa damina. Ɗakin Innata aka fara rufa wa kwano, shekarar da gyaɗa ta yi wa Baba kyau. Kafintan bai wahalar da kansa ba, ya aza katako bisa bango ya liƙe da laka, ya buga kwanonsa ya tafi. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zagaya ɗakin ta taɓe baki. Ta ce kwano hula ce, in ba ka danne ta ba iska ta fi ka son ta. Ita ta sa aka jera manyan duwatsu a kan rufin, sun yi damina guda a can ba abin da ya motsa.

Sai Inna ta haihu, namiji, bayan mu mata uku. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Dangi za su zo suna daga Dutsin-Ma, mutanen da rufinsu ba ya ɗauke da duwatsu, shi kuma ba ya so a ce masa baƙauye a gidansa.

"Iya, kwana biyu rak," ya ce da Kaka, yana durƙushe. "Da an watse zan mayar da su."

"Iska ta san da sunanka ne? Ka dubi gabas kuwa kwanakin nan?"

Bai yi mata musu ba, Baba bai taɓa yi mata musu ba. Ya dai jira ta tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, ya hau ya sauke su, ya tara bayan rumbu.

Ana gobe suna ya yi sammakon zuwa kasuwar Dutsin-Ma sayen rago. Mazan unguwa duk suna can sharar gona. Wuni aka yi ana wani irin zafi mai maƙo, kaji sun buɗe baki a gindin randa, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Ƙanshin ƙasa ya iso kafin ɗigo ko ɗaya. Kaka ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Innalillahi. Yaron nan ya gama da mu."

Za ka ce me ya hana a mayar da Inna ɗakin soro? Ni ma na sha tambayar kaina. Inna fitowarta ke nan daga wankan jego, jikinta ɗanye, kuma a gidanmu mai jego ba ta ratsa iska, jariri ba ya ƙetare bakin ƙofa kafin suna. Ko a ran Kaka abin bai zo ba. Abin da ta yi shi ne, ta kora ƙannena biyu ɗakinta ta ja musu ƙyaure, ta ɗauko igiyar rijiya, muka gangaro da turmi har tsakiyar ɗakin Inna. Ta taka gadon ƙarfe, ta zarga igiyar a katakon da ya ratsa saman gado, ta ɗaure ta tam a ƙugun turmin. Ta cusa matashi a taga, ta rufe ƙofa ta sa sakata.

"Ke, saurara," ta ce da ni. "Ko me kika ji, kada ki buɗe. In iska ta shigo, ta ciki da ta waje kai suke haɗawa."

Sai iskar ta iso. Wallahi ban taɓa jin abu irinsa ba. Kwanon ya riƙa numfashi, ya kumbura ya lafa, ƙusoshi na kuka ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na zubo mana a ka. Inna ta rungume jariri tana salati. Ni na manne da bango.

A cikin wannan rugugi na ji kukan autarmu ta mata, 'yar shekara uku. Ta fito daga ɗakin Kaka, tana dukan ƙofarmu da tafin hannu tana kiran Inna. Ban yi shawara da kowa ba. Na zare sakata.

Na fizgo yarinyar, amma ƙofar ta fi ƙarfina, ta bugi bango ta tsaya a wangale. Iska ta cika ɗakin. Da idona na ga haske ya ɓullo tsakanin bango da rufi, na ga turmin nan da mu biyu muka gangaro da ƙyar ya tashi daga ƙasa yana lilo. Kaka ta yi tsalle, tsohuwar da ke dafa gwiwa in za ta miƙe, ta nannaɗe igiyar a damtsenta ta rataya da duk nauyinta.

"Shiga ƙarƙashin gado da shi!" ta daka wa Inna tsawa. "Shiga, 'yar nan!"

Inna ta rarrafa ta shige. Gefen ƙofa na rufin ya yage ya tafi, muka ga sama ƙiri-ƙiri. Hoge-hogen laka suka faɗo inda nake tsaye ɗazu. Iska ta sake fizga, ƙafafun Kaka suka bar ƙasa, sai na ji wani ƙas daga kafaɗarta. Ba ta saki ba. Ta dai yi wani nishi da har gobe ba na son tunawa. Rabin rufin da ke kan gadon ya zauna. Can ruwa ya ɓarke, iska ta lafa kamar ba ita ba.

Gab da magariba Baba ya shigo jage-jage, yana jan rago. Tun a hanya ya ga fallayen kwanonsa a gonar mutane. Ya zube gaban Kaka. Ta ce, "Tashi ka kira maɗori. Suna kuma yana nan gobe." Ni na ɓuya bayan rumbu ina kuka, ina jiran dukan da na san na ci. Ta aika aka kira ni. Ta ce, "Da ba ki buɗe ba, wa zai shigo da ƙanwarki?" Ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu zamani ya canza. Gidan da muka gina da maigidana, da ƙarfe aka ɗaure katakon a jikin bulo, kuma a wurin aiki aka sa muka yi masa inshora. Bara iska ta ɗage mana gefe guda. Wani ma'aikacin kamfanin inshorar ya zo, mai ladabi, ya ce kada a taɓa komai sai ya ɗauki hoto. Muka kwana uku da leda a sama, na cike fom, na yi zarya, daga baya aka gyara. Ba na raina abin, sauƙi ne babba.

Ƙanena, jaririn nan, shi ya zo ya taya ni cike takardun. Da muka kai layin da ke tambayar ko wani ya ji rauni, ya rubuta babu, ya wuce. Ni kuwa na tsaya a nan. Ɗorin Kaka bai kama daidai ba, hannun bai sake ɗaguwa ya wuce ƙirjinta ba. Mu uku mata duk a bayanta muka yi barci. Shi kuwa, mai gidan nata kamar yadda take tsokanarsa, shekara goma sha ɗaya ta yi tare da shi a duniya, ba ta taɓa goya shi ba ko sau ɗaya. Sai dai ta zauna a tabarma, ta ce a ɗora mata shi a cinya.