Hajiya Kamila Alasan, Mai Fim Marar Murya

Haihuwa da nasaba

An haifi Hajiya Kamila Alasan a garin Malanbil a shekara ta 1966, lokacin da ake kiran ƙasar nan Dahome. Mahaifinta shi ne Alhaji Alasan mai albasa, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Kabi suka zauna fatauci a bakin gulbi, mahaifiyarta kuwa Ramatu, ɗiyar masunta ce daga Madekali.

Karatu da aure

Ta fara karatun allo a hannun baffanta Malam Khalidu, sa'an nan aka sa ta lakwal, wato makarantar boko, a 1973, inda ta kai aji shida ta tsaya, ta koma rumfar mahaifinta. A can ta yi suna da abu biyu: ƙarfin murya wajen ciniki, da iya kwaikwayon tafiyar mutane. A 1985 aka ɗaura mata aure da Malam Aƙilu tela, mutum mai fasahar harshe, wanda yake jin Hausa da Dendanci da Zabarmanci da Fulatanci.

Shigarta fim da sharaɗin mahaifinta

Bayan taron ƙasa na 1990, da aka sakar wa jama'a hanyar kafa ƙungiyoyi, wani mai hoto da ake kira Rilwanu ya sayo kamarar bidiyo daga Kwatano, ya tara 'yan wasa, kuma a 1993 ya nemi Kamila ta shiga cikinsu. Mijinta ya amince, amma mahaifinta ya kafa sharaɗi guda a gaban Malam Khalidu. Ya ce: "Fuskarki duk kasuwa ta san ta, ba abin ɓoyewa. Amma muryar ɗiyata ba za ta shiga akwati ba, kowane ɗan tasha ya murɗa ya ji ta." Ta ɗauki wannan alkawari, kuma a kansa dukan aikinta ya ginu.

Da yake ba zai yi fasali ba sauran 'yan wasa su yi magana ita ta yi shiru, sai ta ba da shawara a cire sauti ga kowa. Haka aka yi fim ɗinsu na farko, Buhun Albasa, a 1994. Ana nuna shi ranakun kasuwa bayan la'asar, a cikin wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, da aka toshe tagoginta da buhuna, Malam Aƙilu yana tsaye gefen tele, wato talabijin, yana bayani da harshen waɗanda suka fi yawa a ɗakin. Matan rumfunan albasa sukan tsokane ta: "Kamila, ke da ake jin cinikinki daga Gaya can ƙetaren gulbi, yau an samu mai rufe miki baki!"

Shugabancin shiri

A 1998 ta karɓi tsara labari da horar da 'yan wasa, Rilwanu ya tsaya ga ɗauka. Daga nan zuwa 2010 ta shirya finafinai biyar, ta fito a cikin kowanne, aka kewaya da su Gene da Madekali da ƙauyukan fadama a bayan babur, wani lokaci har ƙetaren gadar gulbi. Mahaifinta ya rasu a 2004 bai taɓa shiga mangazar ba, ko da yake an tabbatar yakan tambayi surukinsa yadda labari ya ƙare.

Rasuwar mijinta da tsayawar aiki

A 2011 Malam Aƙilu ya riga mu gidan gaskiya, finafinan suka rasa mai yi musu magana. Bayan ta fita takaba an gwada masu bayani dabam-dabam, sai aka tarar wannan yana cusa barkwanci a wurin makoki, wancan yana laƙa wa mugun cikin labari sunan maƙwabcinsa, har aka yi hayaniya a Madekali, aka hana su nunawa a can. Rilwanu ya nace a ɗora sauti, ko kuwa ƙungiya ta watse, domin masu kallo sun koma ga finafinai masu magana. Malam Khalidu da kansa, yana cikin tsufa ƙwarai, ya kira ta ya ce: "Ɗiyata, yayana ya tafi da zamaninsa. Yanzu matan limamai ma suna magana a rediyo. Ni ne shaida, na kuma sauke miki alkawarin." Ta amsa: "Baffa, shi na yi wa alkawari, ba zamani ba." Ƙungiyar ta watse a 2012.

Komawarta aiki

A 2013 ta sake tara mutane kaɗan, ta fara shirin Ruwa Ya Shigo, a kan ambaliyar gulbi, da niyyar yin fim da ba ya bukatar mai bayani ko kaɗan. Hanyar da ta bi ita ce, duk ɓangaren da aka ɗauka sai ta kira 'yan dako daga kasuwa, Badende da Bazabarme da Bafillace da Bayarabe, ta nuna musu, ta tambayi kowanne a keɓe abin da ya gani. Idan maganarsu ta saɓa, sai a sake ɗauka. Wannan ya sa aikin ya ci fiye da shekara. An nuna shi a Gene a 2014 ba kowa a gefen tele, kuma waɗanda suka halarta sun shaida cewa masu kallo da kansu suka riƙa faɗa wa juna labarin, kowa da harshensa, ba a sami saɓani ba. A shekarar da ta biyo mutanen Madekali suka aiko a kai musu shi. Ta ƙara finafinai biyu a bisa wannan tsari.

Ƙarshen rayuwa da wafati

Ta sauke farali a 2017, ta kuma daina fitowa a fim. Da saƙon murya ya yaɗu a wayoyi, takan amsa kira, amma ba ta taɓa naɗar saƙo ba. Autanta da ke karatu a Paraku ya sha roƙonta, sai ta ce masa in yana son jin ta ya zo gida. Ta yi jinya a Kandi, aka dawo da ita Malanbil, inda ta rasu a watan Maris na 2022, tana da shekara hamsin da shida. An yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar garin kusa da mahaifinta.

Ta bar 'ya'ya biyar: Ummul-Khairi, Issufu, Shamsiyya, Balkisu da Ɗan'inna, da jikoki goma sha ɗaya. Ta bar finafinai tara, kuma bayan sadakar arba'in 'ya'yanta sun bincika kaset-kaset da wayoyin dangi duka, ba su sami muryarta a ko ɗaya ba. Allah ya yi mata rahama, ya haɗa ta da iyayenta a gidan aminci.