Gwiwar Khala Fulbanu

A tsibirinmu na bakin kogin Meghna mutane sun fi yarda da gwiwar Khala Fulbanu a kan idanunsu, kuma abin yana ba ni haushi har gobe. Ga wata can a sama, ba wanda ya hana a kalle shi. Kowa ya san in ya cika ko ya mutu, teku kan yunƙuro ya haura ganuwar laka ya shigo mana. Amma ina! Sai a ɗebo ƙafa a zo ana, "Khala, yaya gwiwa?"

Ita kuwa tun da ƙuruciya ta gano dabarar. Da ta ga wata ya doshi cika, sai ta dafe gwiwar dama ta hau nishi. A kwashe shanya, a kora awaki tudu, ita kuma a shafa mata mai, a naɗa mata ganyen pan ta tauna, ko tsintsiya ba ta taɓawa. Ruwa ya zo, gwiwa ta sha yabo.

Rannan ɗanta Mokbul mai kwalekwale ya dawo daga birnin Barisal da ƙwayoyin maganin gwiwa. A gaban maƙwabta ya sa ta haɗiye.

"Ammajan, uwata, in wannan bai yi ba, likita ya ce a kawo ki a zuƙe ruwan gwiwar da allura."

Khala ba ta tsoron guguwa, amma allura? Ta miƙe tsaf ta zaga tsakar gida. "Na warke, ɗan albarka."

Damina ta kankama, iskar kudu na kaɗawa, wata ya yi ɓul-ɓul. Rana ta ɗan leƙo, sai surukarta Shefali ta baza shinkafar iri, ta shukar gidan gaba ɗaya, can ƙasan gangare bayan ganuwa. Khala ta dubi shinkafar, ta tuno allurar.

"Bouma, matar ɗana, ba kya ganin wata ya kusa cika?"

"Wata kuma? Ai gwiwarki lafiya lau, Ammajan. Ko ta motsa ne in kira Mokbul?"

"Ta motsa a gidan uban wa!"

Shefali ta ci gaba da baza shinkafa da ƙafa, har da 'yar waƙarta. Khala ta tauna pan, ta tofar, ta sake taunawa. Can sai ta zube a tabarma ta ƙwalla ƙara.

Mokbul ya rugo. "Shi ke nan, sai asibiti!"

"Wace gwiwa ka faɗa wa likitan?"

"Ta dama."

"To ga ta nan garau, Allah ya saka masa. Hagu ce, sakarai! Ku kwashe shinkafar nan!"

Aka kwashe a guje. Washegari da hantsi ruwa ya shanye gangaren, kifi na wasa inda aka yi shanya. Mokbul ya tsaya yana sosa ƙeya, yana tambayar maƙwabta ko ƙwayar hagu kalarta daban ce.