Rawar Goggo da Ƙwayar Talabijin

Jiya a kasuwa warin man zafi ya bugi hancina, sai na tuna Goggo, yayar mahaifina da ta riƙe ni a unguwar Yelwa, lokacin da Jalingo ta zama hedikwatar jiha.

Ta yi shekaru ƙugu na cinta, tana shafa man zafi. Kullum da yamma talabijin ɗinmu yakan nuna tallar wani magani: mutum ya dafe ƙugu yana ihu, ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya tashi da rawa. Goggo sai ta ƙanƙance ido, ta ja tsaki.

"Dubi maƙaryaci, ɗazu hagu ya dafe, yanzu dama. Mai ciwon gaske ba ya ihu, numfashi yake riƙewa."

Duk da haka na sayo mata ƙwayar, don na fi yarda da akwatin talabijin. Ta juya kwalin, ta shinshina, ta dube ni, sannan ta sha. Jim kaɗan ta miƙe ta taka rawa irin ta mutumin, ina ta tafi. Na fita alwala, na waiwayo, sai na gan ta ta rungume ƙyaure, gumi na bin wuyanta, ta riƙe numfashi.

Muka haɗa ido. Ta ce, "Shi ƙaryar ciwo yake yi. Ni ta lafiya na yi maka."

Har yau in marar lafiya ya ce mini ya samu sauƙi, ƙirjinsa nake kallo. Allah Ya ba Goggo makwancin da ba sai ta yi ta juyi ba.