Tarihin Rayuwar Bilkisu Isma'ila da Ciwon da Ya Yi Ajalinta

Haihuwa da Karatu

An haifi Bilkisu a shekarar 1997 a Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya. Mahaifinta shi ne Malam Isma'ila tela, mahaifiyarta kuwa Malama Uwa. Ta sauke Alƙur'ani a 2012, ta kammala sakandare a 2015.

Jinya

Tun tana sakandare fatarta ta fara duhu, har dasashi da layin tafin hannu, ga jiri, ga lasar gishiri a ɓoye. Aka ce shawara ce, aka ce iska ce, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Sai a 2016 likita ya bayyana wa mahaifinta cewa bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama mai suna adirenal, wanda ke tsare gishirin jiki da ƙarfin bugun jini, yake kuma tallafar jiki a lokacin wahala, nata kuwa ya daina aiki. Ya rubuta mata ƙwayar da za ta sha muddin ranta, da gargaɗin a ninka ta ranar zazzaɓi. Tun daga nan Malam Isma'ila ba ya buɗe shago sai ya ga ta haɗiye.

Aure da Zuri'a

A 2018 ta auri Malam Nafi'u, malamin makaranta. Haihuwarta biyu ta yi wankan jego a gidan mahaifinta lafiya lau. Bayan rasuwar Malama Uwa a 2023, jegon na uku ya faɗa hannun gwaggon mijinta, a wani ƙauye bayan Kufena. Malam Isma'ila ya kai maganin da kansa, ya yi bayani har sau uku. Gwaggon ta karɓa da hannu biyu, ta ce, “Malam, mu muka reni mijinta ma, balle ita.” Yana juya baya ta jefa shi a randar da ba a amfani da ita, wai ƙwayar bature tana ɓata nono.

Rasuwa

Aka ci gaba da yi mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, zazzaɓi ya shigo, amai ya biyo baya, aka ce ai haka jego yake. Allah Ya yi mata rasuwa ranar Talata, cikin watan Maris na 2024, a kan hanyar asibiti. An yi jana'izarta a ƙofar gidan mahaifinta bayan la'asar, masu ta'aziyya suna ta yaba ƙoƙarin gwaggon. Allah Ya jiƙanta.

Ta bar 'ya'ya uku: Suhail, Radiya, da jaririya Batul. Duk ranar da aka kawo su, kafin gaisuwa, kakansu yana buɗe tafin hannun kowannensu ya duba.